Horon sana'a na gwamnati: aiki ake samu ko satifiket kawai?

Babban_Yaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ƙanina ya gama sakandare shekara biyu kenan bai samu gurbin jami'a ba, yana gida ba aikin fari balle na baƙi sai danna waya. To yanzu an buɗe wani shirin gwamnati na koyar da matasa sana'a, wata shida, kyauta ne, akwai ɗan alawus duk wata kuma wai in an gama za a ba su kayan aiki. Shi ya matsu in cika masa fom. Ni kuma abin da ya sa nake jan ƙafa, na taɓa shiga irin wannan da kaina, kwas ɗin kwamfuta, mu wajen 40 a aji kwamfuta 6 ce ke aiki, ranar yaye mu aka yi jawabi aka ɗau hoto aka watse, satifiket ɗin yana ƙasan akwati har yau ba wanda ya taɓa tambayata shi. Shin akwai wanda irin wannan shirin ya fitar da shi kuwa? Ko gara ya haƙura ya sake zana jarrabawa?

Mai_Wayarin:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni ta nan na fito, wayarin ɗin gida da haɗa sola, kuma yanzu ni ma ina da yara a ƙarƙashina, don haka ba zan ce duk shirme ba ne. Amma kafin ka cika fom ka taka da ƙafarka ka je wajen ka tambaye su abu ɗaya: a cikin wata shidan nan kwana nawa yaron zai yi a wurin aiki na gaske, hannun wane oga ko wane kamfani? In suka fara kame-kame suna nuna maka hoton bikin yaye ɗalibai, to ka san inda aka dosa.

Dalilina, sana'a ba a allo take ba. Ni a aji an koya mana lissafin waya da yadda ake karanta zane, yana da amfani ba ƙarya, amma ranar da aka tura ni gini na gaske na ga bango a gabana sai na gane ban iya komai ba, wata uku na yi ina riƙe wa oga tsani kafin hannuna ya faɗa. Kuma ogan nan shi ya fara ba ni kwangila ta farko, ba takardar ba.

Dubi Jamus da kowa ke misali da ita. Yaro yana sa hannu a kwantiragi da kamfani tun ranar farko, kwana uku zuwa huɗu a mako yana wurin aiki, sauran a makarantar sana'a da gwamnati ke ɗaukar nauyi, kamfanin ne ke biyansa albashin koyo, ana yin shekara 2 zuwa 3 da rabi, sana'o'in da doka ta amince da su sun haura 300, kuma jarrabawar ƙarshe ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a ne ke shirya ta, wato masu ɗaukar aikin ne da kansu ke cewa wannan ya iya. Shi ya sa takardar ke da daraja. Shekara uku fa, mu kuma ana so a mayar da mutum gwani a wata shida.

Ɗan_Gaskiya:
Hhhh Yaya ka bar shi ya shiga ya karɓi alawus kawai. Rabin masu cika fom ɗin nan ba sana'a ta kai su ba, kuma kayan aikin da ake rabawa wasu tun kafin su iso gida sun sayar.

Maman_Biyu:
Ɗan_Gaskiya haba malam, kar ka kashe wa yaro gwiwa. Kuma wannan raina alawus da ake yi ni ban yarda da shi ba, duk wanda ya taɓa barin kwas a tsakiya saboda kuɗin mota ya san ba ƙaramin abu ba ne. Mu a ajinmu na ɗinki yawancin waɗanda suka daina zuwa ba lalaci ba ne, wata ba ta da mai riƙe mata yaro, wata alawus ya yi wata biyu bai shigo ba ga nisa. Koyarwa kyauta ce amma zuwa wajen ba kyauta ba ne.

Akwai ƙasashen da suka gane haka tuntuni. A Amurka shirin Job Corps tun 1964 aka kafa shi don matasa 'yan shekara 16 zuwa 24 masu ƙaramin ƙarfi, wurin kwana da abinci da kula da lafiya duk a ciki, kuma wanda bai gama sakandare ba yana iya kammalawa a can yana koyon sana'ar. Tarayyar Turai kuma a 2013 ƙasashensu suka amince cewa duk matashin da ya bar makaranta ko ya rasa aiki, cikin wata huɗu a sama masa ɗaya: aiki, ko ƙarin karatu, ko koyon sana'a, da farko 'yan ƙasa da 25 ne, a 2020 aka faɗaɗa har zuwa 29. Abin da ya burge ni wata huɗun nan ne, don zaman banza in ya yi tsawo shi ke cinye yaro, ƙaninka kuwa shekara biyu kenan Yaya. Ni a ganina ko shirin bai kai yadda ake so ba, tashi da safe da sanin akwai inda ake jiranka ma wani abu ne.

Akawu:
Bari in ɗan ƙara ta ɓangaren kuɗi tunda nan ne aikina. Ku riƙa tambaya yadda ake biyan cibiyar da ke koyarwar. In gwamnati na biyansu a kan kowane kai da ya yi rajista, to cika aji ne kasuwarsu, ko ka iya ko kar ka iya sun riga sun karɓa, shi ya sa Yaya ya ga mutum 40 a kan kwamfuta 6. In kuwa an riƙe wani kaso sai ɗalibi ya ci jarrabawa ko ya kama aiki, za ka ga su da kansu suna bin kamfanoni.

Sannan ba duk kuɗin daga baitulmali yake fitowa kai tsaye ba. A Birtaniya tun 2017 duk kamfanin da jimillar albashin da yake biya a shekara ta wuce fam miliyan 3 yana ba da kashi 0.5 don horar da masu koyon aiki. A Najeriya ITF, hukumar asusun horar da ma'aikatan masana'antu, tun 1971 take, tana karɓar kashi 1 na albashin kamfanonin da dokar ta shafa. Wato kamfanoni sun riga sun zuba kuɗi a horon, don haka tura musu yara ba alfarma ba ce.

Batun sake jarrabawa kuma, ai ɗaya ba ya hana ɗaya, ya yi sana'ar da rana ya yi bita da dare. Amma in ya samu gurbi kuka nemi tallafin karatu ku karanta takarda da kyau, tallafi daban bashi daban, mutane na haɗa su. Misali na NELFUND, asusun karatun ɗalibai na gwamnatin Najeriya da aka sa wa dokarsa hannu a 2024, bashi ne, babu ruwa a kansa amma ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kashi 10 na abin da mutum ke samu. Ba laifi ba ne a ci, amma yaro ya san abin da ya sa wa hannu.

Babban_Yaya:
Na gode ƙwarai Allah Ya saka da alheri. Jiya na bi shawarar Mai_Wayarin na je da kaina. A ɓangaren kwamfuta matar da na samu ta ce duk a aji ake yi, a ɓangaren gyaran firji da AC kuma wata biyu a aji wata huɗu a hannun masu gareji, har ta nuna min sunayen wuraren, na kuma roƙi lambar wani da ya gama bara na kira shi, ya ce alawus na makara sosai kuma kayan aikin da aka ba su rabi ne, amma ogan da aka tura shi wajensa ya riƙe shi har yanzu. Matsalar yanzu yaron kwamfuta yake so, wai gyaran firji aikin datti ne. Mai_Wayarin don Allah in ba damuwa zan turo maka shi ta inbos ka yi masa magana, ni in na faɗa gani yake faɗa ne.