Me ya sa sankarar Burkitt ta fi kama yaranmu?

Gwaggon Yara: Salamu alaikum. Ɗan ƙanena ɗan shekara 6, muƙamuƙinsa ya kumbura cikin sati biyu, haƙora suna girgiɗi. Mun ɗauka ciwon haƙori ne, muka yi ta zirga-zirga kemis. Da aka yanki tsoka aka auna, sai aka ce limfoma ce, nau'in Burkitt. Wai gado ne?

Nas Mai Dutin Dare: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ba gado ba ne. Limfoma, wato sankarar kaluluwa, gida biyu ce, Hodgkin da wadda ba Hodgkin ba. Ta biyun ta fi yawa nesa ba kusa ba, kuma Burkitt a cikinta take. Likita Denis Burkitt ya bayyana ta a Yuganda a 1958. Tana bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu: maimaicinsa na raunana garkuwar jiki, ƙwayar cutar Epstein-Barr ta samu wurin ɓarna. Maza yara ta fi kamawa, a muƙamuƙi ko ciki. Saurin girma gare ta, amma tana jin magani sosai. Don Allah kada a tsallake ko zagaye ɗaya na maganin.

Baban Gida: Mu kullutun wuya ne ga matata, muka tsorata, ashe tarin fuka ne. Sai an auna.

Nas Mai Dutin Dare: Haka ne Alhaji. A manya kuma akan duba ƙanjamau, don yana ƙara haɗarin limfoma.

Gwaggon Yara: Na gode. Litinin za a fara masa.