Fayil ɗaya, amsa biyu: wacce zan kai wa Malam?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin nazarin alƙaluma ku agaza min, kaina ya ɗaure.

Ina digiri na biyu a fannin tattalin arzikin noma. Bayan kaka muka zagaya ƙauyukan Funtuwa, Bakori da Ɗandume, muka tattauna da manoman masara 412, muka shigar da amsoshinsu a waya ta manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox. Kwamfutata ta tsufa, ba ta ɗaukar manyan manhajoji, sai wata ƙawata ta nuna min littafin aiki na intanet, irin wanda ake rubuta umarnin kwamfuta (kod) da yaren Python a cikinsa, ga kuma mataimaki na ƙirƙirarriyar basira a gefe. Ni ban iya Python ba. Nakan faɗa masa abin da nake so, ya rubuta kod, in danna, sakamako ya fito.

Ranar Litinin na ce ya fitar min da matsakaicin buhunan da manomi ɗaya ya samu. Ya ce buhu 88. Ni 'yar manomi ce, na san hakan ba zai yiwu ba, yawancin mutanen nan gonarsu ba ta wuce eka biyu ko uku ba. Na ce ya tsabtace bayanan ya sake. Sai ya ce buhu 16, amma manoman sun koma 290, kuma wai dukkansu sun sa takin zamani, alhali da kunnena na ji masu cewa ko tiya ɗaya ba su iya saya ba. Jiya kuma aka ɗauke wuta, da na dawo na tarar fayil ɗin ya ɓace.

Sati biyu suka rage in kai wa malamin da ke duba aikina babi na huɗu. In ci gaba da shi, ko in biya wani ya yi min?

Wani dattijo mai aikin ƙididdiga:

Wa alaikumus salam 'yata. Tambaya ɗaya: in manomi ya ce bai san buhu nawa ya samu ba, me yaranki masu tattara bayanan suke rubutawa? Mu a fagen nan an saba sa 99 ko 999. In haka kuka yi, to ga 88 ɗinki nan. Kwamfuta ta ɗauka da gaske mutum ya noma buhu 999, kuma mutum talatin kacal masu irin wannan lamba sun isa su ɗaga matsakaicin kowa sama. Mataimakin bai je Bakori ba, bai zauna a horon masu tattara bayanai ba, to ina zai san ma'anar lambar in ba ki faɗa masa ba? Kafin ki nemi matsakaicin komai, ki ce ya nuna miki mafi ƙanƙanta, mafi girma, da lambar da ta faɗo a tsakiya. Da kin yi haka tun farko, da 999 ta bayyana a minti ɗaya.

Mai tambaya:

Wallahi Baba haka ne, 999 muka ce su sa. Na ƙirga yanzu, mutum 31.

Wata mai aikin bibiyar ayyukan raya karkara:

Ƙanwata, ni 16 ɗin ta fi ba ni tsoro a kan 88. Ita 88 kowa ya gani zai ce a'a. Amma 16 ta yi kama da gaskiya, za ta iya wucewa har gaban malamai ba wanda ya ɗaga gira.

Ga abin da nake zaton ya faru. Kalmar "tsabtace" ta yi faɗi da yawa. In aka ce wa waɗannan mataimaka haka, sau da yawa sai su jawo umarnin dropna na pandas, kayan aikin Python na sarrafa teburin bayanai, shi kuwa in ba a iyakance shi ba, duk layin manomin da ke da gurbi ko guda ɗaya sai ya jefar da shi gaba ɗaya. To ki tuna yadda fom ɗin Kobo yake: in manomi ya ce bai sa taki ba, wayar tana tsallake tambayar "buhun taki nawa ka sa?", gurbin ya zauna fayau. Wannan gurbin ba kuskure ba ne, amsa ce. Da aka share masu gurbi, an share duk wanda bai sa taki ba, wato talakawan cikinsu, waɗanda ina jin dominsu ma kika fara binciken. Shi ya sa kika ga kowa ya sa taki, amfanin gona kuma ya hau.

Ki buɗe kod ɗin ki nemi kalmar da idonki. Daga yau kuma duk matakin da zai ɗauka, ki ce ya rubuta miki layi nawa ne kafin matakin, nawa ne bayansa. In 412 ta ragu, sai ya faɗi su wa suka fita da dalili. Ki duba sunayen garuruwa ma: wani ya rubuta Funtua, wani Funtuwa, wani Dandume ba lanƙwasa, wani Ɗandume. A wurin kwamfuta garuruwa huɗu ke nan.

Wani matashi mai rubuta manhaja:

Anti, ba ki faɗi wanne kike amfani da shi ba. In Colab ne, littafin aiki na Google, na kyauta, na'urar da ake ba ki aro ce: ba ta wuce awa 12, kuma in kin bar ta ba aiki tana katsewa tun kafin nan, duk abin da kika loda kai tsaye ya tafi da ita. Ki ajiye fayil ɗin a Google Drive ki haɗa shi da littafin, kuma kada ki taɓa na asali, ki riƙa aiki da kwafi. Sannan akwatunan da kod yake ciki a littafin ana iya danna su ba bisa jeri ba, shi ke sa lamba ta canza tsakanin yau da gobe. Kafin ki kwafi kowace lamba zuwa babinki, ki sake tayar da littafin ya gudana daga sama har ƙasa.

Wani mamba:

Ni shawarata ki bar wahalar nan. Ki kai wa masu aiki da manhajar ƙididdiga ta SPSS a bakin makaranta, kwana biyu sun gama miki.

Dattijon ya dawo:

Ɗana, ban yarda ba. Mai SPSS ɗin ma bai san 999 ba, kuma shi ba zai nuna mata abin da ya danna ba. Nan aƙalla kod ɗin yana rubuce, ana iya bin sawunsa layi-layi. Ranar kare kundi ita za a tsayar, ba shi ba.

Wata lauya:

Akwai abin da ba a taɓo ba. Fayil ɗin da kika loda, da sunayen manoman a ciki, da lambobin wayarsu, da wurin da gonakinsu suke? Kobo yakan ɗauki har lambobin GPS in an sa a fom. Mutanen nan amana suka ba ki, kuma a yankin da kowa ya san halin tsaron da ake ciki, takardar da ke nuna wane ya samu buhu kaza, ga lambarsa, ga gonarsa, ba abin wasa ba ce. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe da bayanan mutane, ga kuma alkawarin sirri da na tabbata kin karanta musu kafin su amsa. Ki cire ginshiƙan teburin da ke ɗauke da waɗannan bayanai a kwamfutarki, ki ba kowane manomi lamba, sannan ki loda. Lissafinki ba ya buƙatar sunan kowa.

Wani malamin jami'a:

Ki ci gaba da shi, amma ki gaya wa malaminki kina amfani da shi, ki kuma tambayi ƙa'idar sashenku. Ni ɗalibaina sharaɗi biyu nake ba su. Duk layin kod da ba za su iya bayyana min da bakinsu ba, ba zai shiga kundi ba. Mataimakin kuwa ya iya bayani, ki tambaye shi har ki gane. Na biyu, su ɗauki mutum 20, su yi lissafin da hannu, su gwada da abin da kod ya bayar a kan mutum 20 ɗin. Kuma ki fara ba shi bayanin kowane ginshiƙi kafin ki tambaye shi komai: wannan buhu ne, wannan eka ce ba hekta ba, 999 na nufin bai sani ba. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, in suka cakuɗe wata ɓarnar ce.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Na ga dropna ɗin, Yaya, a akwati na shida. Manoma 104 ne ba su sa taki ba, duk ya fitar da su. Na cire sunaye da lambobin waya, na sake lodawa. Yanzu mutum 381 ne suka faɗi abin da suka samu, matsakaici kusan buhu 14: masu taki 16, marasa taki kusan 8. Na gwada mutum 20 da kalkuleta, ya yi daidai.

Saura abu ɗaya. Na ga mutum tara a Ɗandume da lambobi kamar 60 da 75, ina zargin dami suka faɗa ba buhu ba. Gobe in Allah ya kai mu zan kira yaron da ya yi wannan ƙauyen in tambaye shi kafin in taɓa su.