Gwaji ya ce ƙashina lafiya lau, to me ya karya min hannu?

Maman Usaina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaruna 58, al'adata ta ɗauke shekara 7 ke nan, kuma shekara 11 ina fama da ciwon suga. Wata biyu da suka wuce na tashi alwalar asuba, jiri ya ɗebe ni a banɗaki, na dafa ƙasa da hannun dama. Ko butar ba ta zube ba, amma hoto ya nuna tsintsiyar hannun ta karye. Sati shida hannun na cikin simintin asibiti, ko ɗankwali sai an ɗaura min.

Bayan an kwance, ɗana ya kai ni Abuja aka yi gwajin ƙwarin ƙashi, wanda ake kira DEXA. Sakamakon ya nuna -0.8, aka ce lafiya lau. To in lafiya lau ne, ya aka yi 'yar wannan faɗuwar ta karya ni? Tsorona kada gaba ya zama ƙugu. Da idona na ga yadda karayar ƙugu ta kwantar da yayar mahaifiyata, ba ta sake takawa ba har ta koma ga Allah.

Likita Bashir:
Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jiki. Ba ƙarya gwajin ya yi ba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, sai ya sauka zuwa -2.5 ake cewa ƙashi ya zaizaye. Sai dai na'urar yawan sinadarin da ke cikin ƙashi take aunawa, ba ta ganin ingancinsa. Masu suga irin na manya, musamman masu jiki, sau da yawa gwajinsu kan fito daidai, amma sun fi sa'o'insu karyewa. Sugan da ya daɗe yana hawa yakan manne wa zaruruwan da ke ba ƙashi danƙo, sai ya koma kamar busasshen kara: ga kauri, amma ba ya lanƙwasa, sai dai ya ɓalle. Ga kuma ɗaukewar al'ada, wadda ke rage sinadarin mata mai tsare ƙashi.

Ni jirin nan ya fi tsaya min a rai. Wane magani kike sha? Insulin da glibenclamide suna iya sauke suga fiye da kima, pioglitazone kuwa an san yana ƙara wa mata karaya. Metformin ba shi da wannan matsalar. Kada ki daina komai da kanki, ki kwashi kwalayen duka ki kai wa likitanki. Ki roƙa a duba idonki da jijiyoyin tafin ƙafa, a auna bitamin D, a ɗauki hoton ƙashin baya, don wani kan karye a can bai sani ba, sai dai a ga tsawonsa na raguwa.

Ummi Kano:
Mama, Allah ya ƙara sauƙi. Don Allah ko targaɗe ne kada a kai ki wurin mai ɗori. Hajiyarmu mai suga ce, aka ɗaure mata ƙafa tamau da karare, ita kuma ba ta jin zafi saboda ƙafar ta riga ta yi dundus. Sai wari muka ji. Da kyar aka ceto ƙafar a asibitin ƙashi na Dala. A nan muka gane ƙwayar ciwon gwiwa da take saye a kemis prednisolone ce, mai cin ƙashi kuma mai tayar da suga. Yanzu kindirmo ba suga, kwaɗon zogale, ƙananan kifi da ƙayarsu, da zama a hantsi kullum.

Maman Usaina:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, na duba kwalin, glibenclamide ne, da metformin. Kuma gaskiya daren ranar shayi kawai na sha na kwanta, bayan na haɗiyi maganin. Ummi, ki gaishe min da Hajiya. Na sa an shimfiɗa tabarmar roba a kan tayil ɗin, an kawo kujera 'yar tsugunno, a zaune nake alwala yanzu. Ranar Litinin zan koma asibiti, kafin nan zan riƙa auna sugan kowace asuba ina rubutawa.