Musayar baiti: wa muke yi wa dariya a fim ɗin barkwanci?

Ɗan Kurna:
Salam jama'a, yau barkwanci za mu taɓa, amsa-amo "ya" ne, wanda ya karya shi zai sayi katin data. Bismillah

An nuna mai rowa a fim,
Baƙo ya yi sallama da dare,
Ya tura tuwo ƙarƙashin gado,
Ya ce yau ba a ɗora tukunya.

Na yi dariya har da riƙe ciki,
Uwargida ta harare ni,
Ta ce Malam ai kai ne wannan,
Gemu kawai suka sauya.

'Yar Damagaram:
Hhhh Allah ya saka wa uwargida da alheri, ta iya kallo

In an fito da maƙaryaci,
Kowa maƙwabcinsa zai tuna,
Wanda nake bi bashi ya fi mu ƙyaƙyata,
Jiya don ni ya canza hanya.

Baba Na Fagge:
Ku yaran yanzu kun ɗauka da kyamara aka fara abin nan

Tun kafin kaset akwai tashe,
Goma ga azumi yara su fito,
Nalako ya kamo gwauron Kano,
A zaga gari da shi ba kunya.

'Yan kama su kwaikwayi malami,
Su ja baƙi kan tuwo da fura,
Samanja ya kai shi talabijin,
Ibro ya gaje su gaba ɗaya.

Jikar Ardo:
Baba a gafarce ni amma ni fa ina da ƙorafi kuma sai na faɗa ko za a ji haushi, don ba duk abin da ya ba mu dariya ne gyaran hali ba wallahi wani cin mutunci ne kawai aka sa masa kiɗa

Rowa shi ya zaɓar wa kansa,
Mai in'ina fa bai roƙa ba,
Kullum baƙauye shi ne wawa,
Wannan cin fuska ne da tsiya.

Ɗan Kurna:
Kan mai in'ina da gaskiyarki Hajiya, ba musu. Kan baƙauye ne ban yarda ba

Ibro ɗan ƙauyen Ɗanlasan ne fa,
Da gangan yake ƙauyancin nan,
Sau nawa ya yi wa ɗan birni wayo,
Ya bar alhaji da susar ƙeya?

Baba Na Fagge:
Kuma da talaka kaɗai yake tsokana ai da bai kwana gidan yari ba. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace finafinai ta Kano ta ɗaure shi wata biyu, su suka ce rashin rajista ne da rawar banza, mutanen gari kuma suka ce habaici ne ya yi wa manya zafi. Ya rasu Disambar 2014, Allah ya jiƙansa

Talaka in an taɓo halinsa,
Ya dara ya ce Allah shirye ka,
Mai kujera in an taɓo nasa,
Sai ka ji an kira lauya.

'Yar Damagaram:
Amin. Baba wannan baitin na kwafe shi, status zai tafi

Jikar Ardo:
To na bar muku marigayi, ya yi nasa. Na TikTok ɗin nan fa?

Minti ɗaya ne ba labari,
A tare tsoho yana tallansa,
A firgita shi a ce wasa ne,
Kwandon ya kife, wa zai biya?

Baba kai nake jira, kuma da baiti don Allah ban da lakca