Kututture Bai Mutu Ba

Dattijon Magarya:

Da sunan Allah nake farawa,
Mai raya ƙasa bayan macewa.
Tambaya gare ku, 'ya'yana manoma,
Kututturen gona me ya sa kuke ƙonawa?
Kalgo da sabara, gawo da magarya,
Saiwarsu na ƙasa, tana jiran tohowa.
Wanda ya san hannun sassaben zamani
Ya amsa da baiti, ina saurarawa.

Malamin Gona na Miriya:

Baba, gafara dai, ga ɗanka da amsa,
In na yi tuntuɓe, kai ke gyarawa.
Je gona da rani, tun ba a yi shuka ba,
Duba kututture mai yawan tsirowa.
Zaɓi tsiro 3, iyaka 5,
Masu kauri, masu miƙewa.
Sauran ka sare da adda mai kaifi,
Dakusasshen ƙarfe sai dai tsagawa.
Daga ƙasa za ka ɗauko sara zuwa sama,
In ka saro ƙasa, ɓawo ke saɓulewa.
Ɓawo ya saɓule, gara ta ga ƙofa,
Tsiron da ka zaɓa ga shi yana bushewa.
Rassan gindi ka rage zuwa rabin tsayi,
Bar masa kansa, da shi yake rayuwa.
Wanda aka aske tas kamar sanda,
Iskar bazara ita ke karyawa.
Ƙayar da ka sare, kewaye gindin da ita,
Akuya ba ta jin magana, ƙaya ke hanawa.
Ɗaura jan ƙyalle, mai tsintar ice ya gani,
Ya san da mai shi, ya yi gaba da wucewa.
Wata 3 ko 4 ka komo da adda,
Sabon toho ba ya daina fitowa.
Hekta guda ka fara da itace 40,
In ido ya saba, sai a yi ta ƙarawa.

Inna ta Birni:

Ɗana, baitinka ya yi zaƙi,
Amma zaƙi ba ya cika rumbu da dawa.
Inuwa da gero ba sa shiri,
Itace kuma masaukin tsuntsu jan baki ne da ke cinyewa.
Ga murhu na kuka, ice ya yi tsada a kasuwar Dole,
Ka ce a bar tsiro, da me ake dafawa?

Malamin Gona na Miriya:

Inna, gaskiyarki a kan kalgo,
Shi dole a rage masa reshe kafin shukawa.
Reshen da aka rage shi ne icen murhunki,
Bana kaɗan, baɗi ya fi, ba ya yankewa.
Gawo kuwa Allah ya juya masa kalanda,
Damina ta sauka, ganyensa ke zubewa.
Rana ta ratsa rassa ta iske gero,
Ganyen da ya zuba ya zama takin shimfiɗawa.
Rani ya yi, kowa ya tuɓe, shi ya yi kore,
Shanu su kwanta gindinsa suna tuƙawa.
Kashinsu nan, fitsarinsu nan,
Auna zangarniyar gindin gawo da ta nesa, ki ga ratawa.
Tsuntsu kam ba ni musu, yana sauka,
Rage cunkoson rassa, yara su yi korawa.

Dattijon Magarya:

Ƙara wannan, ɗana, ka tsallake tarihi.
Sarki Tanimun na Damagaram mai ganuwar Birni,
Wanda ya rasu a 1884,
Ya hana saran gawo da horo mai tsanani.
Muka manta, muka share gona ƙal,
Farin 1984 ya zo ya tuna mana.
Yanzu bi hanyar Matamai zuwa Magarya,
Ƙirga gawo har idonka ya gaji da gani.

Alaramma na Zango:

Kun yi ta adda, ku ba allo wuri.
Buhari da Muslim sun ruwaito ga Manzo:
Musulmi ya dasa, ko ya yi shuka,
Tsuntsu ya ci, ko mutum, ko dabba,
Sadaka ce gare shi ake rubutawa.
To Inna, jan bakin da kike tsinewa,
Ɗan abin da ya tsattsaga na cikin lissafi.
A'arafi, aya ta 56, ta ce kar a yi ɓarna
A ƙasa bayan an gyara ta.
Aya ta 31 ta hana almubazzaranci.
Da mudu guda Annabi ke alwala,
Da sa'i, mudu 4, yake wanka.
Damagaram da ke zaune kan dutse,
Ruwanta daga Gogo da Arunguza ake jawowa,
Ina dalilin buta biyu a alwala ɗaya?
Yi ta a gindin dashe, ruwan ya sha aiki biyu.

(Na saki amsa-amon, Baba. Nassi ba ya son a matse shi.)

Ɗan Gure:

Allah gafarta Malam, an karɓa.
Saura mai faƙo, ƙasa kamar kwano,
Ba kututture balle a yi zaɓawa.
Shi sai tassa: rami faɗin taƙi guda,
Santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 ake haƙawa.
Tsakanin rami da rami taku ɗaya,
Hekta ta ci kusan 10,000 in ana ƙirgawa.
Ƙasar da ka fidda, tara ta ta gangare,
In ka sa ta ta tudu, ruwa kake tarewa.
Taki tafi biyu, ruɓaɓɓe, tun watan Afrilu,
Ɗanye ka zuba, shi ke ƙone tsirowa.
Gara ta bi takin ta huda ƙasa,
Nan maƙiyiyar Malamin Gona ke taimakawa.
Kar ka yi tassa a jigawa mai rairayi,
Iska ɗaya, ramin ya gama cikewa.
Tudun rairayi irin namu na Gure
Shingen rassan kalumbo ke tsayar masa da tafiya.

Inna ta Birni:

Na sauko, amma da sharaɗi.
Ran 3 ga Agusta, ranar dashen itace, kowa da dashe a hannu,
Watan Maris ka je, sanda ce ke tsayawa.
Ba shinge, ba ban ruwa, an bar shi cikin leda,
Saiwa ta nannaɗe, ina za ta nutsawa?
Ledar kuma akuya ta haɗiye,
Tana ci tana rama, tumbi na toshewa.
Ku faɗa mini yadda ake tsirar da gawo,
Irinsa taurin kai, ba ya son fasawa.

Dattijon Magarya:

'Yar'uwa, hanya biyu ce, zaɓi mai sauƙi.
Goga gefen ƙwayar a dutse har fari ya leƙo,
Jiƙa ta kwana guda, sai shukawa.
Ko ki tsinto ta a kashin awaki,
Cikinsu ya riga ya yi miki gogawa.
Kar ta daɗe a leda, saiwarsa mashi ce,
Ƙasa take nema tun ganye bai bayyana ba.
Yanke ledar ta gindi ranar dashe,
Bayan ruwa mai nauyi, da yamma ake dasawa.
Ɗan Gure, ka ambaci shingen kalumbo ka gudu,
Taku nawa tsakanin layi? Muna jiran ƙarasawa.