Ruwa ya ƙara sanyi bayan an jefa masa ƙarfe mai zafi, ina na kuskure?

Assalamu alaikum malamai da yayyena. Ɗalibi ne ni daga wani ƙauye kusa da Ringim, ina shirin WAEC. Tun bayan isha'i nake fama da lissafin Fiziks ɗin nan da fitilar waya, har caji ya kusa ƙarewa.

An dafa jan ƙarfe mai kilo 0.2 har ya kai digiri 100, aka tsunduma shi cikin ruwa kilo 0.5 mai digiri 25. An ba mu specific heat capacity, wato yawan zafin da kilo ɗaya ke buƙata don ya ƙaru da digiri ɗaya: 400 na jan ƙarfe, 4200 na ruwa. A nemo zafin da za su tsaya a kai, wato T.

Na san zafin da ƙarfe ya rasa shi ruwa ya ɗauka. Sai na rubuta 80(T − 100) = 2100(T − 25), na samu kusan digiri 22. To ai ko maƙerin garinmu ya san in ya tsoma ƙarfe ja a ruwa, ɗumi ruwan yake yi, ba sanyi ba! Sau uku ina maimaitawa, 22 ɗin dai.

Wajen ɗebewar ne na juya, ko sai an lissafa da kwanon da ruwan yake ciki? Tambayar ba ta ambaci kwano ba sam. Don Allah a warware mini.