Pit bull: in sayi kwikwiyo a wurin masu kiwo ko in karɓi babba da aka bari?

Sale_Bukuru:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman karen gadi, gidan akwai yara biyu ƙanana da kaji a tsakar gida. An yi mini tallar kwikwiyar pit bull 'yar sati biyar, mai ita ya ce idan ta girma zan mayar da kuɗina da 'ya'yanta. An kuma ce akwai babba a wani asibitin dabbobi da mai shi ya bari. Wanne ya fi?

Dakta_Ladi:
Wa alaikumus salam, Malam Sale. Sati biyar ya yi wuri. Ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati 8, domin a wannan tsakanin ne yake koyon sassauta cizo: ya ciji ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya yi ƙara, wasa ya tsaya. Wanda aka cire da wuri a hannun yaranka zai koya.

Kafin ka ba da ko sisi, a nuna maka uwar, da uban in yana nan. Uwa mai tsoro ko mai yi wa baƙo gurnani, bar 'ya'yanta. Duba fuskarta da ƙafafu: idan gashi ya zuzzube wuri-wuri, irin ƙazuwar nan ce da ke yawan damun pit bull, kuma raunin yana bin jini. Nemi katin rigakafi mai sa hannun likita. Allurar farko a sati 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk sati 3 zuwa 4 har ya kai sati 16. Ta haukan kare a wata uku, sannan duk shekara, ita kam a nan cibiyar binciken dabbobi ta Vom ake yin ta. Kafin alluran su cika kada ya taka inda wasu karnuka ke kashi, saboda cutar Parvo, mai sa amai da gudawar jini, tana daɗewa cikin ƙasa watanni.

Batun mayar da kuɗi kuwa, lissafin dokin rano ne. Ba a ba karya barbara sai ta kai kamar shekara biyu. Cikinta kwana 63, tana iya zubo takwas. In haihuwar ta faɗo a hunturun Jos, jariran ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, sai an tsare musu ɗumi wajen digiri 30 a satin farko, ga wuta ba tabbas, gawayi kuma a rufaffen ɗaki kisa ne. Maganin tsutsa duk sati biyu tun suna sati biyu, sai allurai kashi takwas. Kuma ina za ka samo gidaje takwas da suka iya riƙon wannan kare? Wanda bai sayu ba har wata huɗu, ci yake kamar gara, ƙarshenta ko sarƙa a bayan gida ko kasuwar karnuka ta Dawaki. Na fi son ka karɓi babban, a dandaƙe shi.

Baba_Gyang:
Dakta, na yarda da ke kan kiwo, amma babban nan sai an yi hattara. A tambayi dalilin barinsa. Mai shi ya yi ƙaura daban, kare ya yi cizo daban. Malam Sale, ka je sau uku, ba sau ɗaya ba. A sa masa takunkumi, a taɓa kunnuwansa da ƙafafunsa, a wuce da wani kare ta nesa, a matso kusa da kwanonsa yana cin abinci. Idan jikinsa ya sanƙare, ya rufe baki, ya kafe ido ba ƙiftawa, kada ka kai shi gidan yara. Gurnani ma ya fi wannan shirun sauƙi.

Sannan pit bull asalinsa ba karen gadi ba ne. Don faɗa da dabba aka fitar da irinsa, shi ya sa da yawansu ke kaɗa wa baƙo wutsiya amma su far wa karen maƙwabci. Kajinka sai dai a killace su. Yana da kilo 15 zuwa 27 ne kawai, amma yana hawa katanga, don haka kada ta gaza mita biyu, kuma a kawar da duro ko tulin bulo daga jikinta. Tafiyar awa guda kullum da igiya. Ɗaure shi a sarƙa yini guda da ba shi barkono wai don ya yi zafi, su ke haukata kare.

Hajiya_Talatu:
Ƙanena, in haushi kake so ɓarawo ya ji, karenmu na gida ya ishe ka, ga juriyar kaska ga sauƙin ciyarwa. Ka tuna Ingila tun 1991 ta hana kiwon pit bull da sayar da shi. Kowanne ka ɗauka dai, kada a bar shi da yaro ba babba a wurin. In tsautsayi ya faru, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a garzaya asibiti a ranar, a tsare karen kwana 10 ana lura da shi.

Sale_Bukuru:
Na gode ƙwarai. Baba, in babban ya ci jarrabawar, kwana nawa kafin ya haɗu da yaran?

Baba_Gyang:
Ba shi sati biyu a kejinsa, kai kaɗai ke ba shi abinci da fita da shi. Bayan nan yaro ɗaya-ɗaya, yana zaune a nutse, kare da takunkumi da igiya a hannunka, minti biyar ya isa a ranar farko.